Layin fayiba da mai shi bai san inda ya bi ba: abin da ya faru a Jos

Kamfanin ƙarami ne, irin waɗanda ke sayen intanet sari daga manyan kamfanoni su raba wa unguwanni a Jos, ba zan faɗi sunansa ba don ba tonon asiri ya kawo ni ba. Da farko da eriya suke raba sabis, to da kwastomomi suka yi yawa a kudancin gari wajen Rayfield sai mai kamfanin ya yanke shawarar jan fayibarsa ta kansa daga ɗakin injinansu zuwa can, kilomita 6 a kan takarda, kebul mai silin gilashi 48 masu ɗaukar haske, a cikin bututun roba. Layin na ciyar da rukunin gidaje biyu, da wani otal, da wani ɗakin gwajin jini da ke tura sakamako ta intanet, sai kafe-kafe da masu POS da ke rataye a jiki. Ya yi kamar shekara biyu yana aiki. Ranar da ya yanke, gyaran kansa bai fi aikin yini ɗaya ba, amma sai da mutane suka kusa mako ba sabis, kuma yawancin kwanakin nan neman kebul ɗin aka yi ta yi.

Matsalar ba ranar yankewa ta fara ba. Zanen hanyar a ofis aka yi shi a kan Google Earth, wani matashin injiniya ya ja layi daga ɗakin injina ya bi hannun dama na titi har ƙarshe, ya sa manhol 12, wato ramuka masu murfi da ake buɗewa a kai ga kebul, ya rubuta zurfin rami mita 1.2, zane mai kyau wallahi in ka gan shi a kwamfuta ba abin da za ka kushe. Sai dai hoton sama ba ya nuna maka abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma duk wanda ya taɓa haƙa ko da ramin salga ne a Jos ya san garin nan a kan dutse yake zaune, wani wajen ka yi ƙafa biyu diga ta fara tartsatsi, wani wajen kuma tsohuwar ƙasa ce da aka juye tun zamanin haƙar kuza. Abin da ya kamata shi ne a taka hanyar da ƙafa, a yi ramin gwaji duk bayan ɗan nisa, a ga ina dutse yake, ina bututun ruwa ya bi, ina wasu suka riga suka binne nasu. Da mota aka zagaya, shikenan.

Kwangilar ma haka aka rubuta ta, kuɗi kaza a kan kowace mita, farashi ɗaya ko ƙasa ce ko dutse. Ni a ganina wannan layin guda ɗaya shi ya haifi rabin abin da ya biyo baya. Ɗan kwangilar da ya ci karo da dutse alhali ko sisi ba a ware masa na hayar kwamfuresa ba, me kake so ya yi? Ba zai ci asara saboda kai ba, hanya zai canza. Izinin haƙa kuwa an karɓa, an biya kuɗin hanya, irin wanda tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a kan naira 145 kowace mita duk da cewa jihohi da yawa sun daɗe suna karɓar ninkin haka. Amma takardar izinin hannun dama ta ambata, ku riƙe wannan.

Aiki ya tafi daidai har wajen kilomita 2 da ɗoriya, nan leburori suka tarar da falalen dutse. Foman ya kira injiniyan a waya, shi kuma yana wani sait daban don shi kaɗai ke duba ayyuka uku a lokacin, ya ce masa ku yi yadda za ku yi dai kada aiki ya tsaya. Sai suka zura bututun ta cikin wani kwalbati da ke ƙarƙashin titi suka tsallaka hannun hagu, suka bi bayan wasu shaguna, suka yi kusan mita 700 a can kafin su sake tsallakowa. Can ɗin ma akwai dutse, akwai wuraren da zurfin bai kai rabin mita ba. Ni ban ga laifin canza hanya ba fa, a aikin fayiba da wuya ka ga layin da aka gina daidai da zanen farko, ko a Abuja da aka tsara ta bisa ƙa'ida ana kaucewa. Laifin shi ne babu wanda ya ɗauki jan biro ya gyara zanen a ranar.

Kaucewar nan ta ci kebul. Duram na farko, wato naɗin kebul na farko, mita 3,000 ne, a lissafin ofis zai ƙare daidai cikin wani manhol a yi joyin a nan, wato a haɗa shi da duram na biyu, to da hanya ta ƙaru sai ya ƙare a bayan shagunan inda ba manhol ba komai. Maimakon a gina sabo, aka yi haɗin, aka rufe akwatin, aka naɗe shi da leda aka binne a ƙasa, ko rarar kebul ba a naɗe a gefensa ba saboda babu. Duram na biyu kuma daga wani dila daban aka saye shi daga baya don kuɗi ba su isa a saya tare ba, shi ma sili 48 ne amma tsarin cikinsa daban. Duk wannan daga baya muka haɗa shi, daga bakin foman da injiniyan.

Ranar miƙa aiki aka kunna, wuta ta iso ɗaya ƙarshen, kwastoma na farko ya buɗe YouTube ya yi gudu, kowa ya yi murna aka biya ɗan kwangila kuɗinsa cas, ba a riƙe komai ba. Abin da ya bari a ofis shi ne zanen farko ɗinnan dai da hatiminsa a kai. Babu zanen bayan aiki da ke nuna inda kebul ya bi a zahiri. Babu takardar haɗi da za ta ce wannan sili da wancan aka haɗa. Babu lambar mitan da ke jikin kebul a bakin kowane manhol, babu gwajin OTDR, na'urar da ke auna layin fayiba da haske, da aka ajiye. Mai haɗin da ya yi aikin shi kaɗai ya san abin da ya yi, wai ya ɗauki hotuna a wayarsa, daga baya ya samu aiki a Legas, wayar kuma ta ɓata.

Wajen da ya fi ba ni takaici shi ne nan. Da za a fara ginin magudanar ruwa a gefen titin, kamfanin da aka ba aikin ya yi abin da yawancinsu ba sa yi, ya rubuta wasiƙa ga masu kaya a ƙasa ya ce kowa ya kawo zanen inda nasa yake. Kamfanin intanet ɗin ya buga zanensa ya kai, da sa hannu. Zanen ya ce hannun dama. Su kuma ta hagu za su fara, sai suka saki eskabeta hankali kwance. Haƙorin bokiti ya kama baƙin bututu ya ja har ya tsinke, direba ya ɗauka tsohon bututun ruwa ne da aka daina amfani da shi tunda takarda ta ce ba fayiba a nan, ya tura shi gefe, kafin magariba an zuba kankare a wajen.

A ɗakin injina kuwa fitilu suka koma ja, waya ta fara ruri. Yaran kamfanin suka fita suka bi layi da mota, sun ga aikin magudana a ɗaya hannun da idonsu amma suka wuce, don me za su tsaya tunda nasu ba can yake ba. Suka aro OTDR suka harba daga ofis, ya ba su mita 2,930. Ga wanda bai sani ba, na'urar nan haske take turawa cikin silin gilashin, ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo daga inda ya tsinke, haske a cikin gilashi na tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, daga nan ta lissafa nisa. Ba ta ƙarya. Amma nisan da take ba ka na cikin gilashi ne, ba na kan titi ba, kuma biyun ba su taɓa zama ɗaya. A kowane manhol ana naɗe rarar kebul kamar mita 20 zuwa 30 saboda gyaran gaba, akwai wanda ya shiga cikin gini ya hau bango har zuwa kan rak, kuma shi kansa silin ya ɗan fi rigar kebul ɗin tsawo saboda a murɗe yake a ciki, wajen kashi 1 cikin 100 ko sama da haka kaɗan. In kana da takardar da ta ce manhol na 5 yana kan mita kaza a ma'aunin OTDR, kuma ga lambar jikin kebul a wajen, to lissafi ne na minti biyar ka je ka tsaya kusa da wurin. In ba ka da ita, lambar 2,930 ba ta gaya maka komai sai dai cewa abin yana can wani waje.

Su dai suka ɗora lambar a kan zane suka auna da mota, suka sa leburori haƙa a hannun dama. Kuma suka sami kebul, lafiyarsa ƙalau, don daidai nan layin ya riga ya dawo dama. Wannan ya ƙara musu imani da zanen. Suka ce to saura kaɗan ne, suka dinga ja baya suna rami bayan rami, ga ruwan farkon damina yana cika musu ramukan, har suka iso inda kebul ya ɓace gaba ɗaya, ƙasa ce kawai sai dutse. Wani ya kawo shawarar a ɗauko na'urar bin sawun kebul, amma ita ƙarfe take bi, wannan kebul ɗin kuwa ba ƙarfe a jikinsa, ba a kuma shimfiɗa wayar bin sawu tare da bututun ba, tef ɗin gargaɗi ma a wasu wuraren kawai aka sa. Masu shaguna suka fara faɗa an tone musu ƙofa. Manajan otal ya kira ya ce baƙinsa na tashi, masu ɗakin gwaji suka koma tura sakamako da datar waya.

A wannan matakin aka kira ni. Abin da na fara tambaya shi ne gwajin ranar farko, aka ce babu. Na ce to mu je ɗaya ƙarshen mu harbo daga can, ya ba mu mita 3,610. Ku haɗa da 2,930, ya zama 6,540, alhali zane ya ce layin gaba ɗaya 6,000 ne. Rarar manhol 12 da shigar gini da murɗin ciki duka ba za su wuce 450 ba ko an yi karamci, ke nan akwai kebul a ƙasa wanda zane bai san da shi ba. Na ce wa mai kamfanin, Alhaji, takardar nan a ajiye ta, ba layinka ba ne a ciki. Wani abin kuma, tunda ba mu san ainihin tsawon layin ba, ba yadda za mu gane ko ma'aunin biyu wuri ɗaya suke nunawa ko yankan biyu ne da tazara a tsakani. Da an ajiye gwajin farko, ragi ɗaya zai faɗa mana. Sai kuma na lura rubutun jikin kebul ɗin da suka tono ba iri ɗaya ba ne da na wanda ya fito daga ofis, ke nan akwai joyin a baya wanda ba ya cikin kowane manhol da muka buɗe.

Wanda ya warware mana ba injiniya ba ne. Wani dattijo ne mai faci da ke bakin titi kusa da kwalbatin, tun jiya yana kallon masu haƙa yana aikinsa ba wanda ya tambaye shi komai. Na je na gaishe shi na ce Baba don Allah ka daɗe a wajen nan? Ya ce tun kafin a zuba wannan kwaltar. Na ce ko ka tuna lokacin da aka ja wani baƙin bututu shekara biyu da suka wuce? Ya ajiye tayar da ke hannunsa ya ce, ɗana ai ba nan suka bi ba, dutse ya hana su, ta ƙarƙashin can suka zura, ni na ba su ruwan da suka wanke hannu. Ya taka da mu har bakin kwalbatin, muka leƙa da tocilan, ga bututun nan kwance a jikin bango rabi a cikin yashi da ledoji. Muka tsallaka muka bi shi, ya kai mu tsaye gindin sabuwar kankaren magudana. Tsakanin nan da inda aka fara haƙa ya kusa mita 350, kuma a ɗaya hannun titi.

Aka fasa gefen kankaren aka fito da bakin kebul biyu. Kafin a taɓa komai muka harba OTDR daga wajen zuwa ɓangaren Rayfield, ya tsaya a mita 110. Yanka na biyu ke nan. Lokacin da bokiti ya ja, ƙarfin ya bi cikin bututu har zuwa joyin ɗin da aka binne, kuma da yake ba rarar da za ta saki, sai ya fizge silin daga cikin akwatin. Wannan abu ne sananne, shi ya sa ba a yarda da cewa inda eskabeta ta taɓa nan ne kaɗai ɓarna take. Muka bi bututun da hannu a hankali, a kan akwatin ma wani ya riga ya zuba daɓen rumfa, sai da aka roƙe shi aka yi masa alkawarin gyara. Da aka buɗe, ruwan laka ne cike a ciki. Tsawon layin na gaskiya ashe 6,650 ne.

Aka kawo sabon guntu aka maye gurbin tsakanin, aka yi haɗi biyu cikin dare, ni ina ofis ina duba kowane sili a na'ura, mai haɗi yana can da fitila da janareta. Asarar haske a kowane haɗi ƙasa da 0.1 dB, ma'aunin da ake auna ta da shi, aiki mai tsabta. Aka kunna. Rukunin gidaje ɗaya ya dawo, otal shiru, ɗakin gwaji shiru, ɗaya rukunin shiru, alhali na'ura na nuna haske na wucewa har ƙarshe. Nan ne bambancin duram biyun ya fito. Launin sili ƙa'ida ce da kowa ya haddace, bulu, ruwan lemo, kore, ruwan ƙasa, ruwan toka, fari, ja, baƙi, rawaya, shunayya, ruwan hoda, ruwan teku, 12 ke nan, kuma tiyub ɗin da ke ɗauke da su ma haka launinsu ke bi. Duram na farko tiyub 4 ne kowane da sili 12. Na biyu tiyub 8 ne kowane da sili 6. A na farko, bulun da ke cikin tiyub mai ruwan lemo shi ne lamba 13. A na biyu, bulun da ke cikin tiyub mai ruwan lemo lamba 7 ne. Sabon mai haɗin ya bi lamba, 1 da 1 har 48 da 48, wanda shi ne daidai a ƙa'ida. Na farkon kuwa ashe tiyub da tiyub ya bi, launi da launi, ya ɗauki shida na farko a kowane tiyub ya haɗa, don haka abin da ya fita ofis a matsayin 13 yana isa can a matsayin 7. Daga 1 zuwa 6 ne kawai hanyoyin biyu suka yi daidai, shi ya sa rukunin da ke kan lamba 2 ya dawo, hasken otal kuma ya tafi can wajen sifilitar da ke raba haske ga wasu gidaje.

Yadda muka gane shi ne tsohon akwatin. An riga an yanke shi an jefar a gefen rami, washegari da safe muka ɗauko tiren ciki muka wanke shi da ruwan leda a hankali, guntayen silin na nan maƙale a cikin 'yan robobin da ke rufe haɗinsu, sai ga bulu da bulu, lemo da lemo, a kowane tiyub, babu ja babu baƙi ko ɗaya. Wannan tiren mai laka shi ne kaɗai takardar haɗin da kamfanin ya mallaka. Ko da haka sai da aka bi sili ɗaya-ɗaya da jar fitilar gwaji, mutum a nan mutum a can suna waya, ka gani? ban gani ba, to yanzu fa? saboda alamun da aka manna a ɗaya ƙarshen da salatif ne, rubutun ya goge.

Abubuwa biyu kuma suka fito waɗanda ba su da alaƙa da eskabeta. Na ɗaya, sili 24 kawai aka haɗa tun farko, sauran 24 a bayan shagunan nan suka ƙare, alhali mai kamfanin yana lissafinsu a matsayin ajiya har ya fara maganar ba wani haya. Na biyu, a bakin kwalbatin an lanƙwasa bututun sosai, gwaji da haske mai zangon nanomita 1550 ya nuna asara ta kusan 2 dB a wajen, da mai 1310 kuma kaɗan ce, wanda alamar lanƙwasa ce ba ta haɗi ba. Irin na'urorin GPON, masu raba sili ɗaya ga gidaje da yawa, da suke amfani da su gaba ɗaya asarar da suke jurewa wajen 28 dB ce, raba haske gida 64 shi kaɗai yana cin kusan 21, ga nisa ga soket-soket, to in ka zubar da 2 a banza gidajen ƙarshe a bakin gaɓa suke zaune. Shekara biyu mutanen gidajen nan suna ƙorafin jar fitila na ƙiftawa, ana canza musu rawuta ana cewa matsalar wuta ce. Gwaji ɗaya kafin a biya ɗan kwangila da ya nuna wannan, kuma da shi zai gyara da kuɗinsa.

Mai kamfanin ya so ya nemi diyya. Yana da hujja a ransa, don a 2024 gwamnatin tarayya ta fitar da umarnin da ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da lalata su laifi ne, kuma kowa a harkar nan ya ji alƙaluman hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, cewa an yanke fayiba sama da sau 50,000 a shekarar, kusan 30,000 daga ciki aikin titi ne. Muna yawan ɗora laifin duka a kan masu titi, kuma sau da yawa nasu ne. A nan dai injiniyan titin fayil ya buɗe, ga wasiƙarsu, ga zanen da aka ba su da sa hannu yana cewa dama. Ya ce Yallaɓai mu abin da kuka ba mu muka bi. Ba amsa. Lauya ma ya ba shi shawarar ya bar maganar, saboda in aka tona izininsa na dama ne, mita 700 ɗin nan na hagu ba shi da takardar zama a wajen. Ya biya leburori, ya biya sabon kebul, ya gyara ƙofofin shaguna da daɓen rumfa, ya yafe wa kwastomomi kuɗin kwanakin, otal ɗin kuma ya koma wani kamfani. Abin da ke damuna shi ne ana shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 a faɗin ƙasar nan kamar yadda majalisar zartarwa ta amince a 2024, an kuma kafa kwamitin haɗin gwiwa tsakanin ma'aikatar ayyuka da ta sadarwa a 2025 don a riƙa sanar da juna kafin haƙa, amma sanarwar ba ta da amfani ga wanda in an tambaye shi ina naka yake zai miƙo zanen da ba shi ne a ƙasa ba.

Ba zan ɗora wa matashin injiniyan duka ba, mutum ɗaya a kan sait uku ba mota. Ɗan kwangila ya yi ha'inci wajen binne akwati da rashin zurfi, wannan ba makawa. Amma mai biyan kuɗi shi ke da wuƙa da nama, ranar da ya ce tunda wuta ta zo a biya, ranar ya sayi layin da ba shi da takarda. Da na gaya masa haka bai yi musu ba, ya ce tun ran gini tun ran zane, yanzu me za a yi.

Abin da aka yi ba wani mai tsada ba ne. An taka layin da ƙafa daga farko zuwa ƙarshe da GPS, an ba kowane manhol lamba an rubuta da fenti a murfi da ciki, an rubuta lambar mitan jikin kebul inda ya shiga da inda ya fita da yawan rarar da ke naɗe, an ɗauki hoton kowane wuri tare da wani abu da ba ya motsi kamar kwalbati ko turken wuta, don shago yau yana nan gobe an rushe. An gina manhol a kan haɗin biyun. An yi wa sili 48 gwaji daga ɓangarorin biyu a kan 1310 da 1550 an ajiye fayilolin, an yi jadawalin Excel da ke bin kowane sili daga ofis har gidan da yake ciyarwa, kwafi ɗaya a intanet, ɗaya a buge a ofis, ɗaya a cikin motar gyara, kuma an naɗa mutum ɗaya da duk wanda ya buɗe akwati sai ya kawo masa abin da ya canza kafin a rufe aikin ranar. An kafa turakun kankare masu alama a ɓangaren hagu. A sabuwar kwangilar da suka bayar ta wajen Bukuru akwai farashin dutse daban, ba a canza hanya sai da sa hannu a takarda da hoto, kuma ana riƙe wani kaso na kuɗi har sai an kawo zanen bayan aiki an kuma zaɓi wurare an tona an ga ya yi daidai.

Mita 700 ɗin nan dai har yanzu ba su da zurfi, an gyara lanƙwasar kwalbatin amma sake shimfiɗa wajen sai bayan damina in an samu kuɗin kwamfuresa, takardar neman izinin hannun hagu kuma an shigar ana jira. Aikin magudana bai ƙare ba, saura su tsallako dama. An kai wa injiniyan titin sabon zane hannu da hannu, kuma duk ranar da eskabeta za ta yi aiki kusa da layin ana tura yaro ɗaya ya tsaya a wajen har su tashi.